Lambun Da Mai Shi Ba Ya Gida



Kwanakin baya, bayan an tashi daga sujadar Lahadi, wani saurayi daga cikin masu bi a nan ƙasar Daura ya tsaya har kowa ya watse, ya ce yana da magana. Ba za mu faɗi sunansa ba. Amma ya yarda mu kawo maganarsa a wannan shafi, gama ya ce ba shi kaɗai a ke yi wa irin wannan tayi ba.

Sana'arsa fataucin dabbobi ce. Ya kan sayi shanu da raguna a kasuwar Mai'adua, ya loda a mota ya kai Legas, ya sayar ya komo. Cikin wata guda, da ƙyar ya ke kwana goma a gida. A wata tafiya motar ta faɗi a hanya, shanu da dama suka mutu, bashi ya hau kansa. Yana da ɗan gida da ya gina a bayan gari domin aure, ba kowa a ciki. Wani abokin cinikinsa a Legas ya ce masa ya ba da ɗaki biyu na gidan nan. Su za su kawo kaya su shirya, a noma tabar wiwi a cikin ɗaki, a cikin ruwa, ba tare da ƙasa ba. Na'ura ce za ta yi ban-ruwa, ita ce za ta kunna fitilu ta kashe. Shi kuwa zai iya duba kome ta wayarsa yana can Legas. Abin da a ke bukata gare shi kawai makulli ne, da wani yaro amintacce wanda zai riƙa kwana a wurin. Ya riga ya tuna da ɗan wansa, mai shekara 15.

Ya ce mana, "Baba Fasto, ni ba na sha. Ba zan sayar wa kowa ba, ko ganyen ba zan taɓa ba. Yawancin kwanaki ma ba na gari. Ɗaki ne kawai nawa. To, ina laifina?"

Ba mu tsawata masa ba, gama wanda ya kawo tambaya kafin ya aikata ya fi wanda ya kawo kuka bayan ya aikata. Tambayarsa kuwa ta kowa ce: idan mutum ya dasa abu, ya shirya shi yadda zai yi ta girma shi kaɗai, sa'an nan ya yi tafiya, abin da ya girma a bayansa na wane ne?

MENE NE WANNAN NOMA?

Da yawa cikinmu mun saba da lambun fadama, inda a ke jan ruwa da jigo ko da inji a zuba a fangali. Noman da a ke magana a nan dabam ne. Shuka ba ta cin ƙasa. Abin da ta ke sha daga ƙasa shi ne ruwa da gishirin taki da ya narke a ciki. Idan an narkar da wannan taki a ruwa, aka sa saiwar shuka a ciki, aka ba ta iska da haske, za ta girma ta ba da amfani ko da ba ta taɓa ƙasa ba. Wani malami a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, William Gericke, shi ya yayata wannan hanya. Ya noma tumatir a cikin ruwa har tsawonsa ya kai wajen ƙafa 25. A 1937 aka raɗa wa aikin suna haidrofonik, daga kalmomi biyu na Helenanci, watau ruwa da aiki.

Wannan ilimi kyauta ce daga Allah. Da shi a ke noma tumatir da latas a ƙasashen hamada inda ruwa ya ke da tsada, gama ruwa ɗaya ne ya ke zagayawa, ba ya nutsewa cikin yashi. Amma masu noman wiwi a Turai da Amurka sun kama shi domin wani dalili dabam: gonar fili a kan gan ta daga hanya ko daga jirgin sama, amma ɗakin da aka toshe tagoginsa ba mai gani. A ƙasarmu an fi noma wiwi a dazuzzukan Ondo da Edo da Osun da Delta, a lodo shi zuwa Arewa. Na cikin ɗaki kuwa ya fi na daji ƙarfi da tsada, shi ya sa a ke neman wuraren ɓoye shi.

Ga abin da abokin nan bai bayyana wa ɗan'uwanmu sosai ba. Shukar da ke cikin ƙasa tana iya jimre kwana biyu ko uku ba ruwa, gama ƙasa tana riƙe laima. Wadda ke rataye cikin bututu ba ta da wannan gata. In wutar lantarki ta ɗauke, famfo ya tsaya, saiwa za ta soma bushewa kafin rana ta faɗi. Waya tana iya gaya wa mutum yana Legas cewa famfo ya tsaya, amma ba ta iya zuba mai a janareta. Saboda haka lambun da a ke cewa yana lura da kansa, kullum akwai mutum a kulle tare da shi. Mai shi yana iya tafiya ne domin wani ya zauna a madadinsa. Mu riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

KAN MACIJI A JAKAR WANE NE?

Duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, wadda har yau baƙi su ke zuwa su gani, su ja ruwanta da guga. Labarin kakanni ya ce akwai maciji a cikinta mai suna Sarki, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Jumma'a. Baƙo ya zo da dare, watau Bayajidda, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce babu. Ya karɓi guga ya tafi rijiya, macijin ya taso, ya sare kansa ya jefa a jakarsa, ya koma ya kwanta.

Sashin labarin da ya shafe mu shi ne abin da ya faru da gari ya waye. Sa'ad da sarauniya Daurama ta yi alkawarin babban lada ga wanda ya yi wannan aiki, sai mutane suka yi ta fitowa, kowa yana cewa shi ne. Ba wanda ya ga abin da ya faru, gama dare ne. Yaya aka raba gardama? Aka ce kowa ya kawo kan macijin. Wanda kan ya ke cikin jakarsa, shi ne mai aikin.

Halin ɗan Adam ke nan tun dā. In aiki mai kyau ne, ko ba mu nan sa'ad da aka yi shi, muna so a ce namu ne. Mai gonar da ya tafi ci-rani ya bar 'yan ƙwadago, in gero ya yi kyau, ba ya cewa, "Ai ba na nan, ba ni na noma ba." Ya kan ce, "Ku zo ku ga gonata." Amma in aikin mugu ne, sai mu ce ba mu muka kashe zomo ba, rataya aka ba mu. Ba shi yiwuwa tafiya ta raba mutum da laifin lambu, amma ta kāsa raba shi da ribarsa. Gwajin Kusugu ya isa: a buɗe jaka a gani. Muka tambayi ɗan'uwanmu, in an girbe, kuɗin zai shiga jakar wane ne? Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Tawa." Muka ce masa ya riga ya amsa rabin tambayarsa.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA

A cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, akwai labarin wani lambu wanda mai shi ba ya nan sa'ad da aka yi ɓarna dominsa. Sarki Ahab ya so gonar inabin Nabot, domin ya mai da ita lambun ganyaye, gama tana kusa da gidansa. Nabot ya ƙi, domin gādon kakanninsa ce. Ahab bai ɗauki dutse ba, bai kira shaidun zur ba. Ya je ya kwanta a gado, ya juya fuska, ya ƙi abinci. Matarsa Yezebel ce ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga hatiminsa, dattawan gari suka shirya sauran, aka jajjefe Nabot. Da Ahab ya so, da ya rantse cewa yana kwance a ɗaki lokacin, rantsuwarsa kuwa gaskiya ce. Amma sa'ad da ya gangara domin ya karɓi gonar, can annabi Iliya ya same shi, ya ɗora masa kisan da ƙwacen duka biyu. Hatimin nasa ne, gonar kuma hannunsa ta shiga. Makullin da a ke nema gare ka, ɗan'uwa, shi ne hatiminka.

Haka kuma Dawuda, a Sama'ila ta Biyu, sura 11 da 12. Yana zaune a Urushalima, yaƙi kuwa yana can Rabba. Takarda kawai ya aika wa Yowab. Takobin da ya kashe Uriya na Ammonawa ne, amma annabi Natan bai je wurin Ammonawa ba, wurin Dawuda ya je.

Shari'ar Musa ta ƙara fayyace mana ma'aunin. A Fitowa sura 21, idan sa ya soki mutum, mai shi bai taɓa sanin yana da wannan hali ba, mai shi ba shi da laifi. Amma idan an san san yana suka, an kuma faɗakar da mai shi, bai tsare shi ba, to, jinin yana kansa. Ba a tambaya ko yana tsaye a wurin. Abin tambaya shi ne, ya sani? A surar nan kuma, wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe, shi zai biya dabbar da ta faɗa ciki. A sura 22, wanda ya kunna wuta ta bazu ta ci hatsin maƙwabci, shi zai biya. A Kubawar Shari'a sura 22, an umurci mai gina sabon gida ya ja rawani kewaye da rufin soronsa, domin kada wani ya faɗo jininsa ya zauna a kan gidan. Ku lura, rami da wuta da soro duka suna yin ɓarnarsu sa'ad da mai su ya riga ya juya baya. Shari'a ta bi shi duk inda ya tafi, domin abu biyu: shi ya shirya abin, ya kuma san halinsa. Hausawa ma sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

MUTUM UKU DA SU KE ƊAUKAR KAYAN MAI TAFIYA

Nauyin da mutum ya guje wa ba ya ɓacewa, kan wani ya ke sauka. A wannan lambu akwai mutum uku da zai sauka kansu.

Na fari shi ne yaron da aka bari. Wannan ba zato ba ne, an gani a Ingila, inda irin wannan noma ya yawaita cikin gidajen haya. Masu shi su kan kawo samari daga ƙasar Biyetnam da alkawarin aiki, su ɗora musu bashin hanya, su kulle su cikin gida su yi ta lura da shuka dare da rana. Ran da 'yan sanda suka fasa ƙofa, yaron su ke samu, gama mai lambun ba ya kwana nan. A 2009 aka kama irin waɗannan yara biyu, aka yi musu shari'a aka ɗaure su. Sai a watan Fabrairu 2021 kotun Turai mai kāre hakkin ɗan Adam ta yanke cewa hukumar Ingila ba ta yi musu daidai ba, gama ya kamata a fara bincika ko su bayi ne da aka yi fataucinsu. Shekara 12 ke nan kafin a ji kukansu. To, ran da jami'an NDLEA za su buga ƙofar gidan nan na bayan garin Daura, wane ne zai buɗe? Yaro mai shekara 15, wanda uwarsa ta ba da shi domin ta amince da ƙanen mijinta. Kawunsa yana Legas, zai gani ta waya.

Na biyu shi ne maƙwabci. Fitilun irin wannan lambu suna cin wuta mai yawa, suna kuma ba da zafi. Domin kada yawan wutar ya tona asiri, masu shi su kan saci layi, su haɗa wayoyi ba bisa ƙa'ida ba, a ɗakin da ke cike da ruwa da tururi. Gobara ta sha tashi ta haka a ƙasashen da a ke yin wannan noma. Gidajenmu kuwa katanga ɗaya ta raba su, ga kara da dangar zana a tsakar gida. Ban da wuta, inda kaya mai tsada ya ke a ɓoye, ɓarayi masu makami su kan biyo sawu. Maƙwabcin bai san kome ba, ba a shawarce shi ba, ba shi da rabo a ribar, amma shi da 'ya'yansa su ke kwana kusa da ramin da aka bari a buɗe.

Na uku shi ne mai sha, wanda mai lambun ba zai taɓa ganin fuskarsa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairu 2019, ya nuna mutum wajen miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, miliyan 10.6 kuwa sun sha wiwi. Gaskiya ne ba duk mai sha ne ya ke haukacewa ba, kada mu faɗi abin da ya wuce gaskiya. Amma a 2019 likitoci suka buga sakamakon binciken da suka yi a garuruwan Turai da Barazil: masu shan wiwi mai ƙarfi kowace rana sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau biyar. Mai ƙarfin nan shi ne ainihin irin da a ke nomawa a cikin ɗaki. Mu masu aikin kiwon ekklesiya mun raka iyaye zuwa asibitin masu taɓin hankali a Dawanau da Barnawa, mun ga uwa tana kiran ɗanta da sunansa bai waiwayo ba. Wani ne ya noma abin da yaron nan ya sha. Mai yiwuwa shi ma ba ya gida lokacin.

HUJJOJIN DA A KAN KAWO

Ɗan'uwanmu mai tunani ne, ya kawo hujjoji huɗu. Ya cancanta a amsa su da gaskiya.

Da fari ya ce Allah ne ya halicci ganyen. Haka ne, ba kuwa abin da ya halitta da ba shi da amfani. Daga wani irinsa a ke yin igiya da tufa tun zamanin dā. Daga cikinsa kuma aka fitar da maganin wata irin farfaɗiyar yara mai tsanani, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Amma maganin nan likita ne ya ke aunawa, a fili a ke yinsa, da izini. Abokin nan na Legas ba asibiti zai kai kayansa ba, ɗan'uwanmu kuwa ya sani.

Na biyu ya ce a waɗansu ƙasashe an halatta shi. Gaskiya ne: Urugwai a 2013, Kanada a 2018. A nan ma marigayi Rotimi Akeredolu, sa'ad da ya ke gwamnan Ondo, ya yi kira a 2019 a yarda a noma shi domin magani. Mutanen kirki suna iya yin gardama a kan wace doka ce ta fi rage ɓarna, Kirista kuma yana da izini ya faɗi ra'ayinsa a fili. Amma dokar ƙasarmu ta hana. A 1966 gwamnatin soja ta kafa doka mai tsanani, har da hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomansa, aka sassauta ta a 1975. Dokar da ta kafa NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai noma, ta kuma kama wanda ya ba da gidansa domin a sarrafa ko a ɓoye kayan. Ashe ko dokar mutane ba ta karɓi uzurin "ba na nan" ba. Wanda ya ga doka ba daidai ba ce, sai ya yi magana da rana a gaban kowa. Wanda ya toshe taga ya saka yaro a ciki, ba gyaran doka ya ke nema ba.

Na uku ya fi sauran nauyi. Ya ce, "Manomanmu suna sayar da dawa, sun kuwa sani waɗansu za su yi burukutu da ita. Maƙeri yana ƙera wuƙa. Me ya sa ba a ce suna da laifi ba?" Wannan tambaya ce mai kyau. Ba za mu iya bin kowane mudu mu ga inda ya shiga ba, Allah kuwa bai ɗora mana haka ba. Dawa abinci ce, yawancinta tuwo da kunu ta ke zama. In wani ya karkatar da ita, shi ya karkatar. Amma akwai bambanci tsakanin abin da wani ya karkatar da shi zuwa ɓarna, da abin da tun daga iri an shirya shi domin ɓarnar. Alamar bambancin kuwa a fili ta ke: manomin dawa yana shanya ta a bakin hanya. Ba wanda ya ke toshe taga domin tumatir. Duk abin da ba za ka iya gaya wa uwar yaron ba, ko maƙwabcinka, ko dattawan ekklesiya, zuciyarka ta riga ta yanke masa hukunci tun kafin ka zo wurin fasto.

Na huɗu ya faɗe shi a hankali: in ya biya bashi zai daina, zai kuma fitar da zakkar Ubangiji daga ciki. Bashi abu ne mai zafi, ba mu raina shi ba. Amma masu kawo kayan nan ba su kan zuba dukiyarsu a ɗakin mutum domin girbi ɗaya ba, kuma wanda ya san asirinka ya riƙe wuyanka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Game da zakka kuwa, mu tuna da Matiyu sura 27, inda manyan firistocin da suka sayi Yahuza su da kansu suka ƙi mai da azurfa talatin ɗin nan cikin baitulmalin haikali, domin kuɗin jini ne. Kada ekklesiyar Kristi ta kāsa su kunya.

MU DUBA KANMU

Ba za mu rufe wannan magana a kan saurayi ɗaya ba, gama da yawa cikinmu muna da lambun da mu ke bari a baya. Akwai mai gidan haya a Kano ko Katsina wanda ya ke karɓar kuɗi sau biyu na abin da gidan ya cancanta, ya kuwa ƙudura ba zai tambayi dalili ba. Akwai direba wanda a ke ba shi buhu a ɗinke a ce ya tsallaka da shi ta Kwangwalam, lada kuwa ya fi na buhun gero nesa. Akwai mai gona a fadama wanda ya ba da aronta, ya ga wani ganye mai kama da rama a tsakiyar dawa, ya kau da kai. Ƙin tambaya domin kada a sani, shi ma sani ne.

Mu shugabanni ma ba mu kuɓuta ba. Mun sha karɓar babbar kyauta domin rufin ɗakin sujada daga hannun saurayin da ba mu san sana'arsa ba, muka yi masa addu'ar albarka, ba mu tambaya ba. Muna kuma iya gaya wa mai bashi ya ƙi mugun tayi, sa'an nan mu sallame shi hannu wofi ya koma wurin masu binsa. In mun yi haka, mu ma mun ɗora kaya a kan wani muka yi tafiyarmu.

YADDA MAGANAR TA ƘARE

Bayan mako biyu ɗan'uwanmu ya komo daga Legas ya ce ya ƙi. Ba za mu ce kome ya gyaru nan da nan ba. Abokin nan shi ne ya ke haɗa shi da masu sayen shanu, yanzu ya daina amsa wayarsa. Bashi yana nan, an ɗaga aure zuwa bayan kaka. Zumuntar maza ta ekklesiyarmu ta ba shi ɗauka ta fari a adashinsu, dattawa biyu kuma suka raka shi wurin masu binsa aka raba biyan kashi kashi. Ɗakin nan kuwa, yana gwada tsirar da masara a faranti, da ruwa kaɗai, domin ciyar da ragunan da ya ke turkewa, gama cikin mako guda ta kan zama ɗanyar ciyawa. Noman ruwan ne dai, amma tagogi a buɗe su ke. Ɗan wansa yana zuwa bayan makaranta ya yayyafa ruwa, ya koma ya kwana a ɗakin uwarsa.

Ya ku 'yan'uwa, yawancinmu matafiya ne: fatake, direbobi, ma'aikata, 'yan ci-rani, masu bishara. Tafiya ba laifi ba ce. Amma kafin mu rataya jaka, bari kowa ya tsaya a bakin ƙofarsa ya tambayi kansa abu uku. Mene ne na bari yana girma a bayana? Wane ne na bari ya ɗauki haɗarinsa? In na komo, zan iya buɗe jakata a gaban jama'a? Ubangijinmu ya ba da misalai da dama a kan maigidan da ya yi tafiya ya komo ya nemi lissafi. Shi ma zai komo, ba kuwa ɗakin da tagarsa za ta toshe masa gani.

Ku tuna da wannan ɗan'uwa cikin addu'a, da samarinmu duka waɗanda bashi ya matsa musu. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.